Yadda ƙuduji yake gane saiwar hatsi

Manoma ƴan'uwa, kowa ya san dabba tana jin abin da ke faruwa a kewayenta. Shamuwa tana isowa garuruwanmu da bazara, kafin ruwan farko, ta koma kudu idan kaka ta yi. Gaiwa tana shigewa cikin laka idan tabki ya ƙafe, ta kwanta a nan har ruwa ya dawo. To, tsirrai ma haka suke. Ba su da ido, ba su da kunne, amma suna jin laima da zafi da haske. Gawo yana zubar da ganyensa da damana, ya sake toho bayan ruwa ya ɗauke. Maiwa ba ta fidda kai sai yini ya fara raguwa.

A yau za mu duba wani tsiro da ya ƙware wajen wannan ji, har yana cutar da mu. Shi ne ƙuduji, wanda wasu ke kira gaugai ko wuta-wuta.

Ƙwaya mai kwana cikin ƙasa

Ƙuduji yana kama hatsi da dawa da masara. Ƙwayarsa ƙarama ce ƙwarai, kamar ƙura. Tsiro guda yana iya zubar da ƙwaya 50.000 ko fiye. Iska da ruwa da bisashe da kayan noma suna kai ta daga wannan gona zuwa waccan.

Idan ka shibka hatsi, ruwa guda mai kyau ya isa ya tsiro. Ƙwayar ƙuduji ba haka take ba. Ko ruwa ya jiƙa ta, ba ta tsira. Tana iya kwana cikin ƙasa shekara 10 ko fiye tana jira. Dalili shi ne guzurin da ke cikinta kaɗan ne. Idan ta tsira ba ta sami saiwar da za ta kama ba, cikin ƴan kwanaki za ta mutu.

Mene ne take jira?

Abu biyu take jira. Na farko, laima da ɗumi na wajen mako 1 zuwa 2. Wannan shi ke shirya ta. Na biyu, alama daga saiwar hatsi. Saiwar tana fitar da wani sinadari ɗan kaɗan cikin ƙasa, wanda ido ba ya gani. Idan ya taɓa ƙwayar da ke dab da saiwar, sai ta farka ta tsira. Ta miƙa ɗan tsironta wajen saiwar, ta huda ta, ta manne. Daga nan sai ta riƙa shan ruwa da abincin da hatsi ya jawo domin kansa.

A shekarar 1966 ne masana a Amurka suka fara tace irin wannan sinadari daga saiwar kaɗa.

Ƙuduji yana yin fiye da wata guda a ƙarƙashin ƙasa kafin ya fito. Saboda haka ranar da ka ga furensa ja-ja a gona, ya riga ya yi ɓarna mai yawa. Hatsin ya tsumbure, ganyensa ya yi ɗorawa kamar ana fari, ko da kuwa ana ruwa.

Me ya sa ya fi yawa a gonar da ta gaji?

Hatsi ba domin ƙuduji yake fitar da sinadarin nan ba. A cikin ƙasa akwai wasu ƙananan halittu masu kama da zare. Suna manne wa saiwa, suna taimaka mata ta sami abinci. Su ne hatsi yake kira. Idan ƙasa tana da ƙarfi, kiran kaɗan ne. Idan ƙasa ta gaji, hatsi yana jin yunwa, sai ya ƙara kiran. Ƙuduji kuwa ɓarawo ne mai saurare a bayan darni. Kira ya yi yawa, ƙwayoyi masu yawa su farka.

Ga dalilin da ya sa gonar da ake shibka wa hatsi kowace shekara, ba hutu ba taki, ita ce ƙuduji ya fi cinyewa.

Yadda za mu yi amfani da wannan sani

1. Mu ciyar da ƙasa. A kai takin gida da ya ruɓe sosai. Ɗanyen kashin bisashe yana iya ɗauke da ƙwayar ƙuduji. Mai ƙaramin ƙarfi yana iya sa takin zamani kaɗan a kowane gurbi, wato giram 6 na 15-15-15. A faƙo kuwa, a yi tassa a zuba taki a ciki, kamar yadda manoman jihar Tawa suke yi.

2. Mu yaudari ƙwayar. Saiwar gujiya da ta wake da ta kaɗa su ma suna tada ƙudujin hatsi, amma ba ya iya rayuwa a kansu. Ya tsira, ya rasa abinci, ya mutu. Don haka a riƙa sauya shibka: bana hatsi, baɗi gujiya ko wake. Sai dai a lura, wake yana da nasa ƙudujin dabam. Inda ya yi yawa, a nemi irin wake mai jure masa.

3. Mu tumɓuke shi kafin ya yi ƙwaya. Da ya fara fure, a cire shi da hannu. A koma gonar bayan mako 2, domin wasu za su fito. Kada a bar shi a kan kunya. A tara shi waje guda a ƙone.

4. Mu zaɓi iri. Kada a ɗebi iri daga zangarniyar da aka zube a ƙasa cikin ƙuduji. Akwai dawa mai suna SRN 39, wadda saiwarta ba ta fitar da sinadarin da ke tada shi sosai. A tambayi malamin gona irin da ya dace da yankinku.

Kada a karaya idan ba a ga ƙarshensa a shekarar farko ba. Ƙwayar da ta taru shekara da shekaru ba ta ƙarewa a damana guda. Kuma idan ka cire naka, maƙwabcinka ya bar nasa, iska za ta dawo maka da shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku tattauna wannan magana a ajin yaƙi da jahilci da wurin mai gari, ku sa ranar da kowa zai fita gonarsa.

Allah ya ba mu damana mai albarka.