Mota mai baki biyu: ribarta tana jikin soket ɗin gida

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, ma'aikatan tarayya da ke zirga-zirga daga Kubwa, Lugbe ko Mararaba zuwa Sakatariyar Tarayya suka soma kallon wani nau'in mota da a da ba su damu da shi ba. Ita ce mai baki biyu: ɗaya na shan fetur, ɗaya na karɓar caji daga wutar gida. Toyota Prius Prime da RAV4 Prime da Mitsubishi Outlander PHEV na cikin wannan rukuni, haka ma samfuran DM-i na kamfanin BYD na ƙasar Sin.

Tsarinta mai sauƙin fahimta ne. Batirinta ya fi na haɗaɗɗiyar mota ta yau da kullum girma sau da yawa, don haka takan yi tafiyar farko da lantarki zalla, sai cajin ya ƙare injin fetur ya karɓa. Prius Prime ƙirar 2017 zuwa 2022 na yin kimanin kilomita 40, RAV4 Prime kuwa kusan 65. Ga mazaunin Lugbe ko Nyanya, wannan na iya ɗauke yawancin tafiyar yini. Amma da sharaɗi: sai an jona ta kowane dare. Wanda ya saya ya bar wayar cajin a but ya sayi motar fetur ce mai tsada, yana kuma yawo da nauyin batirin da bai amfana da shi ba.

Saboda haka aikin farko na mai wayarin ne, tun kafin a je wurin dillali. Soket na gida kan ba da abin da bai wuce kilowat 2 da ɗoriya ba, wato RAV4 Prime za ta kwashe kimanin awa 7 tana jan wuta ba tsayawa. Soket ɗin da ya saba da dutsen guga na minti goma ba lalle ne ya jure wannan ba. Yakan yi zafi, ya narke, wani lokaci ya haddasa gobara. Abin da ya dace shi ne a ja layi na musamman daga akwatin rarraba wuta, da waya mai kauri da makarinsa na kansa, a sa na'urar kariya daga bugun wuta mai ƙarfi lokacin da aka dawo da ita. A kuma tabbatar gidan na da ingantacciyar wayar da ake binnewa a ƙasa, domin yawancin wayoyin caji kan ƙi aiki idan babu ita. Wayar ƙari ta kasuwa ba ta da gurbi a nan.

Motocin da aka shigo da su daga Amurka na da wani tarko. Wayar cajin da ke zuwa da su an yi ta ne don wuta mai ƙarfin bolt 120, ta Nijeriya kuwa 230 ce. Motar kanta tana karɓa, wayar ce ke iya ƙonewa, sai fa idan an rubuta a jikinta cewa tana ɗaukar har 240. Bakin cajin ma ya bambanta tsakanin na Amurka da na Turai da na Sin, don haka a duba shi kafin a biya kuɗi.

Sai lissafi, wanda dillalai ba su cika tsayawa a kansa ba. Cika batirin RAV4 Prime kan ci yunit 15 zuwa 16 a mita. Tun Afrilun 2024 masu rukunin A ke biyan sama da naira 200 kan kowane yunit, wato fiye da naira 3,000 ke nan. Tafiyar nan ɗaya, idan motar ta yi ta da fetur, lita 4 ce ko kusa da haka. Mai mota ya ninka da farashin gidan man unguwarsu zai ga cewa a rukunin A ribar ba ta kai yadda ake zuzutawa ba. Tana ƙaruwa ne ga waɗanda ke ƙananan rukunai, sai dai su kuma wutar ba ta zama. Mai faifan hasken rana da ke da rarar wuta da rana, musamman Asabar da Lahadi, shi ya fi kowa morewa. Caji da janareta kuwa asara ce tsagwaronta: ƙaramin janareta da wuya ya ba da yunit 2 a lita guda, don haka zai sha lita 8 ko fiye don tafiyar da motar za ta yi da rabin hakan. Ɗan haya da ke raba mita da maƙwabta ya fara daidaitawa da su, ko ya sa ƙaramar mita a layinsa.

A kan hanya, lantarki ya fi amfani a cunkoso, inda injin fetur ke ƙona mai a tsaye. Mai zuwa Kaduna ko Lokoja ya danna maɓallin da ke adana caji, ya bar injin ya yi aikin babbar hanya, ya ajiye batirin don gosulon shiga gari. Maɓallin da ke sa injin ya yi wa batir caji a guje fetur yake ci. Zafin Maris da Afrilu kuma ba abokin batir ba ne: a nemi inuwa, a kunna na'urar sanyaya ciki tun motar na jone da bango, kafin a fita.

Injin da ba ya yawan tashi yana da nasa larurar. Fetur da ya daɗe a tanki yakan lalace, shi ya sa wasu motocin ke tada injin da kansu don su ƙone shi. Gara a riƙa zuba kaɗan-kaɗan, ana barin injin ya yi zafi lokaci zuwa lokaci. Baƙin mai kuma a canza shi bisa watannin da littafin motar ya faɗa, ko da ba a yi nisan da aka ƙayyade ba. Hadiman da ke bin iyayen gidansu tafiyar makonni su tuna da ƙaramin batir mai bolt 12, wanda idan ya mutu motar ba za ta kunnu ba ko da babban batirin cike yake.

Wayoyi masu launin ruwan lemo da ke ƙarƙashin motar na ɗauke da ɗaruruwan bolt, kuma suna iya kisa. Bakanike na unguwa zai iya gyara ƙafa da birki, amma waɗannan sai wanda ya samu horo. Mai sayen ta hannu ya nemi a jona mata kwamfuta a karanta lafiyar batirin, sannan ya cika ta ya tuƙa da kansa, ya ga kilomita nawa za ta yi kafin injin ya tashi.