Zaɓen Sabbin 'Yan Wasa a Gasar Kwando ta Waya: Darasi Daga Ɗan Zariya

In ana maganar wasannin waya da na kwamfuta a Arewa, ƙwallon ƙafa ce sarauniya. Daga Sakkwato zuwa Sabon Birni, daga Isa zuwa Gangara, muhawarar majalisa ba ta wuce Barcelona da Madrid, sai kuma wa ya fi wa maki a Fantasy Premier League. Amma akwai wani wasa da bai kamata ya wuce matashi mai son lissafi ba: gasar kwaikwayo ta ƙwallon kwando, inda ba kai ke jefa ƙwallo ba, kai ne manajan kulob ɗin gaba ɗaya. Kuma ranar da ta fi kowace zafi a wannan wasa ita ce ranar zaɓen sabbin jini.

Yadda abin yake

A ƙwallon ƙafa, kulob mai kuɗi shi ke sayen yaron da ya ga dama. A gasar NBA ta Amurka ba haka ba ne. Kulob 30 ne, kuma kowace shekara ana jera matasan da suka cancanta, a zaɓe su ɗaya bayan ɗaya a zagaye biyu, kusan mutum 60 ke nan. Dole yaro ya cika shekara 19 a shekarar zaɓen. Abin da zai ba ɗan ƙwallon ƙafa mamaki shi ne, kulob ɗin da ya fi shan kashi a bara shi ke da damar fara zaɓe. A tsarin da aka kawo a 2019, kulob 14 da suka kasa kaiwa wasannin kifa-ɗaya-ƙwale na ƙarshen kaka su aka sa wa ƙuri'a, wadda ke fitar da masu zaɓe na 1 zuwa na 4. A wannan tsari, uku na can ƙasa kowanne an ba shi damar kashi 14 cikin 100 ta samun lamba ɗaya. An yi wannan gyara ne don a rage wa masu faɗuwa da gangan ƙwarin gwiwa. A 2025 ma kulob ɗin Dallas, da damarsa ba ta kai kashi 2 cikin 100 ba, shi ya ci ƙuri'ar, ya ɗauki Cooper Flagg.

Wannan tsari ne wasannin kwaikwayo suka kwafo. Fitacce a cikinsu shi ne NBA 2K, wanda ya fara fitowa a 1999, kuma yana da ɓangaren da za ka riƙe kulob shekara da shekaru. Akwai kuma Basketball GM, wanda kyauta ne, a shafin intanet ake buga shi, kuma kusan duk rubutu ne da lambobi, babu wani hoto mai nauyi da zai cinye maka data. Ka zaɓi 'yan wasa, ka tsara albashi, ka yi musaya, kwamfuta ta buga wasannin. In ka yi ta faɗuwa ko ka jawo asara, mai kulob ya sallame ka. Shi ke nan fa.

Lambobi biyu da ke ruɗa mutane

Kowane sabon yaro yana zuwa da manyan lambobi biyu. Ta farko tana nuna ƙwarewarsa a yau. Ta biyu tana nuna inda ake hasashen zai iya kaiwa. A nan ne yawancin sababbin manajoji ke zamewa. Da mutum ya ga yaro mai babbar lamba ta biyu, sai ya ce ai ya tsinci dami a kala. Alhali hasashe ne kawai, ba alkawari ba. Wani ya kai, wani ya tsaya cak, wani rauni ya gama da shi.

Sai kuma shekaru. Yaro ɗan 19 da ɗan 22 in ƙwarewarsu ɗaya ce a yau, na 19 ya fi daraja, don yana da sauran shekara uku na girma kafin ya kai inda ɗaya yake. Amma in kulob ɗinka na dab da cin kofi, mai 22 da zai iya shiga fili gobe zai fi maka amfani da wanda sai an yi renonsa. Ka ga ashe tambayar ba "wa ya fi?" ba ce kaɗai. Tambayar ita ce, "wa ya fi, ga wa, kuma yaushe?"

Na uku shi ne kuɗi. Albashin sabon yaro ƙayyadadde ne kuma mai sauƙi in an kwatanta da na manya. Tunda akwai iyakar abin da kulob zai kashe, yaro mai kyau a kan ƙaramin albashi shi ke ba ka sararin ɗauko gwarzo. Manajan da ya rabar da damar zaɓensa ta shekaru masu zuwa don cin yau, ya ci bashin da zai biya da kuka.

Abin da tarihi ya nuna

Kada ka ɗauka kwamfuta ce kawai ke wasa da hankalin mutane. A 1984 Houston ta ɗauki Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, a lamba ɗaya, kuma ya kawo musu kofi a 1994 da 1995. Portland da ke lamba biyu ta ɗauki Sam Bowie don tana buƙatar dogo, ta bar wa Chicago wani yaro a lamba uku: Michael Jordan. Har yau ana yi musu gori. Darasi: kada gurbin da kake son cikewa ya rufe maka ido daga gwanin da ke gabanka.

A 1998 wani haifaffen Legas ɗin, Michael Olowokandi, shi ma ya zama lamba ɗaya, amma bai kai ko kusa da inda aka zata ba. Kama da wane ba ta wane. A 2013 Cleveland ta ɗauki Anthony Bennett a lamba ɗaya, bai daɗe a gasar ba. A wannan zaɓen dai, can a lamba 15, Milwaukee ta ɗauki wani siririn yaro daga Girka, ɗan iyaye 'yan Najeriya, Giannis Antetokounmpo. Ya zama gwarzon gasar a 2019 da 2020, ya ci kofi a 2021. Shi kuwa Nikola Jokic ɗan Sabiya, sai a lamba 41 Denver ta ɗauke shi a 2014, ga shi ya zama gwarzon gasar sau uku.

Ɗan Zariya mai ido

In kana neman wanda za ka yi koyi da shi, ba sai ka je nesa ba. Masai Ujiri a Ingila aka haife shi a 1970, amma a Zariya ya tashi, a can ya fara wasan kwando. Bai taɓa buga wa wani kulob na NBA wasa ba. Da ya ajiye wasa, sai ya fara aikin farautar 'yan wasa wa kulob ɗin Orlando ba tare da albashi ba, yana yawo ƙasa-ƙasa yana kallon yara yana rubuta rahoto. Daga nan ya tafi Denver, inda a 2013 aka ba shi kyautar gwarzon shugaban kulob na shekara, sannan ya koma Toronto, ya jagorance ta har 2025.

Dubi zaɓen da Toronto ta yi a zamaninsa. A 2016, a lamba 27, ta ɗauki Pascal Siakam, ɗan Kamaru da ya fara kwando a makare. A shekarar dai ta ba Fred VanVleet kwantiragi, yaron da duk kulob 30 suka tsallake a zagaye biyun. A 2017, a lamba 23, ta ɗauki OG Anunoby, ɗan asalin Najeriya haifaffen Landan, wanda wasu suka guje wa saboda raunin gwiwa. A 2019 Toronto ta doke Golden State ta ci kofinta na farko, Siakam da VanVleet na cikin waɗanda suka ɗauki nauyin wasan ƙarshe. Babu ko ɗaya a cikin ukun nan da ya fito daga sahun goma na farko.

Kuma ba kullum ake dacewa ba. A 2014 Toronto ta ɗauki Bruno Caboclo ɗan Brazil a lamba 20, bai zama abin da aka yi fata ba. Ko gwani yana jifa ya kuskure. Bambancinsa da ɗan koyo shi ne, ba ya ɗora gidansa duka a kan jifa ɗaya.

To, ina ruwan ɗan Gangara?

Tambaya ce mai kyau. Matashin da ke gabashin Sakkwato yana da abin da ya fi wasan waya damunsa. Rashin tsaro ya taɓa noma da kasuwa da makaranta. A Satumban 2021 har layukan sadarwa aka rufe a ƙananan hukumomi 14 na jihar, ciki har da Sabon Birni da Isa. Cajin waya kuɗi ne, data kuɗi ce. Don haka duk abin da zai ci lokacinka da batirinka, ya kamata ya bar maka wani abu a ka.

Wannan wasa kuwa yana iya bari. Yana koya maka karanta jadawalin lambobi, da tsara kasafi, da auna ribar yau da ta shekara uku masu zuwa. Lissafin da mai sayen ɗan maraƙi don kiwo yake yi a kasuwar dabbobi ke nan: ba girman yau yake saye ba, ƙashi da lafiya yake dubawa. Turancinka ma zai ƙaru ba tare da ka ji ba. Kuma nazarin alƙaluman wasanni yanzu sana'a ce da kulob-kulob ke ɗaukar ma'aikata a kai.

Amma akwai rami a gefen hanya, gara a faɗa. Tazarar da ke tsakanin "na iya hasashe" da shagon caca ba ta da yawa. Wanda ya dace da zaɓe biyu a waya sai zuciya ta raya masa cewa ya gane sirrin wasa, ya fara zuba kuɗi a bet. Malam, in ƙwararrun da ake biya miliyoyin daloli suka tsallake Jokic har sau 40, kai wane ne da za ka ce ka san sakamakon gobe? Babban abin da wannan wasa ke koyarwa shi ne hasashe yana ƙarya. Wanda ya fahimci haka ba zai kai kuɗin cefanen gidansu wurin caca ba.

Daga waya zuwa fili

Akwai wani tarihi da ya kamata kowane Basakkwace ya sani. Hakeem Olajuwon ƙwallon hannu da tsaron gida a ƙwallon ƙafa ya fara yi. A gasar wasanni ta makarantun horon malamai da aka yi a Sakkwato a 1978 ne aka sa shi cikin 'yan kwandon makarantarsu. Shekara shida bayan haka ya zama lamba ɗaya a Amurka. Wani ne ya kalli tsayinsa da saurin ƙafarsa ya ce a gwada shi.

Arewa ba baƙuwar kwando ba ce. Kano Pillars ta sha cin gasar ƙasa, Jami'ar Ahmadu Bello ta daɗe tana fitar da 'yan wasa, gidauniyar Giants of Africa da Ujiri ya kafa a 2003 tana shirya sansanonin horo tana gina filaye a Afirka. Mata ma ba a bar su a baya ba, don D'Tigress ta kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a gasar Olamfik ta Faris a 2024, abin da babu wata tawagar kwando ta Afirka da ta taɓa yi.

Abin da ya yi ƙaranci a ƙauyukanmu shi ne fili, da ƙwallo, da mai ido. Fili da tsaro nauyin hukuma ne, kuma haƙƙinmu ne mu yi ta tambaya. Ido kuwa ana iya koyonsa tun yanzu. In za ku gwada, ku haɗu ku huɗu ko biyar, kowa ya riƙe kulob, ya rubuta dalilin da ya sa ya ɗauki kowane yaro kafin kaka ta fara. Bayan kaka uku a buɗe takarda a ga wa ya yi lissafi, wa ya bi son zuciya. Sharaɗi ɗaya ne: ba a sa ko sisi. Sai an gwada akan san na ƙwarai.