Kalmomin Ingilishi Masu Nuna Zuriya da Yadda Ake Amfani da Su

Ɗan Barto, da ke gundumar Matameye a jihar Zinder, gari ne na bakin iyaka, yana fuskantar Kongolam ta ƙasar Daura. Dangi ɗaya kan rabu, wasu su yi karatu da Faransanci, wasu da Ingilishi. Idan takardar gado ko wasiyya ta tsallako daga Najeriya, ma'anar kalma guda tana iya sauya rabon mutum.

Hausa tana jera matakai a fili: ɗa ko ɗiya, jika, tattaɓa-kunne. Ta kuma tattara su da kalmar zuriya, wadda ta aro daga Larabci. Ingilishi kuwa yana da kalmomi da dama, kowace da muhallinta.

Kalmar offspring tsohuwar Ingilishi ce. Galibi 'ya'yan cikin mutum ko na dabba take nufi, kuma siffarta ɗaya ce a tilo da jam'i. Progeny, mai asali daga Latin, ta fi zama a rubutun ilimi, musamman na kiwo da tsirrai. Descendant ta samo asali daga aikatau na Latin mai ma'anar sauka, tana kuma ɗaukar kowane mataki komai nisansa. Da ita za a ambaci sarakunan Hausa Bakwai a matsayin zuriyar Bayajidda. Posterity ta fi su faɗi, domin takan nufi dukkan na baya masu zuwa. Da wannan ma'ana ta zo a gabatarwar tsarin mulkin Amurka na 1787.

Wadda ta fi rikitarwa ita ce issue. A harshen lauyoyi tana nufin 'ya'ya da jikoki har ƙasa. Amma wanda ya taso da Faransanci ya san ta da ma'anar mafita, mai Ingilishin yau da kullum kuma ya san ta da ma'anar batu ko matsala. Idan takarda ta ce mutum ya rasu ba shi da issue, nufinta bai bar zuriya ko ɗaya ba.

A nan ne hatsarin yake. A mazhabar Malikiyya, ɗa namiji mai rai yana kange jika daga gado. Mai fassarar da ya mayar da issue 'ya'ya ya fitar da jikoki daga takarda. Wanda kuma ya mayar da children zuriya ya shigar da waɗanda ba a ambata ba. Don haka ya kamata mai fassara ya fara tantance matakin da kalma ta tsaya kafin ya zaɓi takwararta a Hausa.