Shiga Kwazazzabo Sai da Ɗan Ƙasa

Wanda ya tashi a Bagudo ko Illo ko Ka'oje ya fi sabawa da ruwa da fadama fiye da dutse. Ƙasar shinkafa ce da kifi, inda Kogin Kwara ya shigo Najeriya ta wajen Lolo ya shimfiɗe abinsa ba mai tare shi. Shi ya sa idan matashi ya ga bidiyon wani kwazazzabo a wayarsa, jajayen bangayen dutse sun tashi hagu da dama, 'yan yawon buɗe ido suna bin jagora a can ƙasa, sai ya ɗauka irin wannan wuri sai Amurka. Gaskiya ne babban kwazazzabon nan na jihar Arizona da ake kira Grand Canyon ba shi da sa'a a yankinmu, don tsawonsa kilomita 446 ne, zurfinsa kuma a wasu wurare ya kai mita 1,800. Amma akwai ƙanana a kusa da mu, kuma kogin da Sarkawan Lolo ke jefa taru a cikinsa shi ne hanyar zuwa gare su.

In ka bi kogin ka yi sama, ka bar Gaya a hannun Nijar da Malanville a hannun Benin, ka wuce Karimama, ƙasa za ta fara sauya kama. A can ne kogin ya ci karo da wutsiyar duwatsun Atakora, ya kasa ratsa su kai tsaye, ya yi ta lanƙwasa har ya zana siffar harafin W, wanda gandun dajin wurin ya ɗauka a matsayin suna. An kafa gandun a 1954, zamanin mulkin Faransa. Ya haɗa Nijar da Benin da Burkina Faso, faɗinsa wajen murabba'in kilomita 10,000. Hukumar UNESCO ta sa ɓangaren Nijar cikin wuraren gado na duniya a 1996, a 2017 kuma aka faɗaɗa shi ya haɗe da dazuzzukan Arly da Pendjari. Koguna biyu da ke zuba a Kwara, Tapoa da Mekrou, su ne suka tsaga dutsen suka bar kwazazzabai, inda gwaggon biri ke zama a kan gaɓa, giwa da ɓauna ke saukowa shan ruwa da rani.

Arewa da kogin kuma akwai abin da ya fi kama da na hamada, wato busassun kwarurukan da ake kira dallol. Dallol Boso ya gangaro daga Azawak ya faɗa Kwara a Bumba. Dallol Mawuri ya ratsa ƙasar Arewa ta Dogondutsi, ya haɗu da Dallol Foga mai gishiri, ya ƙare kusa da Gaya. Tsofaffin hanyoyin manyan koguna ne da suka mutu dubban shekaru da suka wuce, lokacin da Sahara ta bushe. Faɗinsu kilomita da dama ne, gefensu jar marmara ce a tsaye mai kai a baje, tsakiyarsu kuwa giginya da goriba, domin ruwa yana kusa, rijiya ba ta nisa. A gindin irin wannan gaɓa garin Lugu yake, inda Sarauniya Mangu ta tari rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a watan Afrilun 1899. Mai son ainihin kwazazzabon hamada kuma sai ya dangana da duwatsun Abzin, arewa da Agadas, inda garin Timiya ya ɓuya tsakanin baƙaƙen duwatsu da lambunan lemo da rumman.

Duk inda ka ga kwazazzabo, ruwa ne ya haƙa shi, kuma ruwan bai bar hanyarsa ba ko da ya shekara bai biyo ba. Wannan ne abin da baƙo ba ya ganewa. Yana ganin yashi busasshe da sama tangararan, sai ya saki jiki. Ƙasar dutse da marmara ba ta shan ruwa yadda fadamar Bagudo ke sha. In hadari ya zuba a kan tudu mai nisa, kusan duk abin da ya sauka gangarowa yake yi, ƙananan koramu su tara shi su miƙa wa babba, ya shigo matsattsiyar hanya da laka da duwatsu da kututture, cikin 'yan mintuna ya fi ƙarfin mutum da mota. Ranar 12 ga Agustan 1997, a wani siririn kwazazzabo mai suna Antelope a Arizona, ambaliya ta kashe 'yan yawon buɗe ido 11, alhali ruwan da ya kashe su kilomitoci da dama daga inda suke ya sauka. Yau ba a shiga wurin sai da jagora daga al'ummar Navajo masu ƙasar. A 1963 irin wannan ta faru a mashigar tsohon birnin Petra na ƙasar Jodan, mutum fiye da 20 suka rasu, yawancinsu Faransawa. Ba sai mun je nesa ba ma: a farkon Satumban 2009 ruwan da ya sauka a duwatsun Abzin ya biyo koramar Telwa ya rushe dubban gidaje a Agadas, birnin da ake yi wa kallon ba ya ganin ruwa.

Gogaggen jagora yakan tsayar da baƙonsa a gindin wata bishiya ya ce, "Alhaji, ɗaga kanka ka dubi wancan reshen." A can sama, inda hannu ba ya kaiwa, sai ka ga busasshiyar ciyawa da ƙirare da tsumma sun sarƙe a jikin reshe, duk sun karkata gefe guda. Ba tsuntsu ne ya yi sheƙa ba, shara ce da ruwan bara ya bari, kuma ita ce ma'aunin inda ya kai. Yana duban bangon dutse ya ga inda ya yi santsi da inda launinsa ya sauya. Yana tafe yana ƙirga wuraren da za a iya hawa a fita in ta ɓaci. Idonsa kuma ba a kan saman da ke bisa kansa yake ba, yana can gabas inda hadari ke haɗuwa. In ya ji wata iska mai sanyi da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ta biyo kwarin, ko ya ji ruri daga nesa, ba ya tsayawa bayani, hawa kawai ake yi, a bar kaya. Direban da ya san hamada ba ya ajiye mota a cikin busasshiyar korama, ba ya kwana a ciki, komai laushin yashinta da daɗin inuwarta.

Wannan sana'a ba baƙuwa ba ce a ƙasar Illo. Fataken goro da ke tashi daga Kano da Sakkwato zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja, da yawansu ta wannan yanki suke ƙetare Kwara su shiga Bargu, su bi ta Nikki da Jugu. Ayari yana da madugu mai shugabanci, yana kuma da jagaba da ke gaba, wanda ya san mashigi da rijiya da zango da inda 'yan fashi ke kwanto. Attajirin da ya fi kowa jakuna a ayarin ba ya musu da jagaba a kan hanya. Abin mamaki, jikokin waɗannan fatake su ne yau za su ɗauki hanya da taswirar waya kaɗai, a wurin da ko sabis babu.

Bayan ruwa sai rana. Daga Maris zuwa Mayu zafi a wannan yanki yakan haura digiri 40, cikin kwazazzabo kuma ya fi haka, don dutse yana riƙe zafi kamar tanda, iska ba ta shiga. Lokacin da ya fi dacewa shi ne hunturu, Disamba zuwa Fabrairu, ko da yake masu son ganin namun daji sun fi son ƙarshen rani, sa'ad da ciyawa ta kwanta dabbobi suka taru a sauran ruwan da ya rage. Tafiyar yini guda ana fara ta ne bayan sallar asuba, a yi tafiyar ƙasa kafin rana ta take, a fake a inuwa har bayan azahar, a juyo da la'asar a fita kafin magariba. Masu kula da Grand Canyon suna gargaɗin baƙi kada su yi tafiya daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma a lokacin zafi, kuma su ware wa hawa ninki biyu na lokacin da sauka ta ci. Sauka ce ke yaudarar mutum, don jiki bai gaji ba, ruwan gora bai taɓu ba. Kowa ya riƙe aƙalla lita 4, ban da na ajiya a mota. Buzaye salka suke amfani da ita, fatar tana tsatsafowa iska na bugawa ruwan ya yi sanyi. Direbobin yanzu jarka suke naɗewa da jiƙaƙƙen buhu su rataye a gefen mota. Ciwon kai da jiri da fitsari mai duhu alamar farko ce. In gumi ya ɗauke, mutum ya fara magana ba kan gado, an shiga haɗari: a kai shi inuwa, a jiƙa tufafinsa, a yi masa fifita, in yana iya haɗiya a ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan, a nufi asibiti. Ni dai ban ga dalilin da zai sa mai azumi ya shiga irin wannan tafiya da bazara ba.

Jagora na gaske ba a tashar mota ake tsintarsa ba. A gandun W, kafin tsaro ya taɓarɓare, a ƙofar shiga ake biyan kuɗi a haɗa baƙo da jagoran da hukuma ta sani, kuma ba a sauka daga mota sai inda ya ce. A Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, kusa da Dallol Boso, inda raƙuman dawa na ƙarshe a Afirka ta Yamma suke, jagororin 'yan ƙauyukan wurin ne kuma suna da ƙungiya. A 1996 dabbobin nan 49 suka rage, daga baya suka haura 600. Kuɗin jagora da na shiga suna cikin abin da ya sa manomi ya iya haƙuri da dabbar da ke cin wakensa. Don haka mai tsananta ciniki a kan ladan jagora, ya kuma ɓarnatar da ninkinsa a kan man mota da lemon kwalba, bai yi adalci ba. Akwai kuma ladabin wuri: a Lugu ba a ɗaukar hoto sai an nemi izini, a Abzin kuma zanen raƙumin dawa na Dabus, wanda ya haura mita 5 kuma ya yi dubban shekaru, ba allon rubuta sunan masoyiya ba ne.

Duk wannan bayani, wajibi ne a faɗa ƙarara cewa yawancin wuraren nan ba sa shiguwa a halin yanzu. A Mayun 2019 'yan bindiga sun sace Faransawa biyu a Pendjari suka kashe jagoransu, Fiacre Gbédji. Ranar 9 ga Agustan 2020 aka kashe mutum takwas a Kure, Faransawa shida masu aikin agaji da direbansu da jagoransu. A Fabrairun 2022 nakiyoyi sun hallaka masu gadin daji a ɓangaren Benin na gandun W, a Afrilun 2025 kuma gwamnatin Benin ta tabbatar da kashe sojojinta 54 a cikin gandun, ciki har da wajen magangarar ruwan Koudou da baƙi ke zuwa kallo a da. A namu gefen, tun ƙarshen 2024 'yan bindigar Lakurawa ke kai hari ƙauyukan iyakar Kebbi. Gadar Gaya da Malanville an rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, jama'a suka koma ƙetarewa a kwale-kwale, Nijar kuma ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. A hare-haren 2019 da 2020 ɗan ƙasa mai nuna hanya yana cikin waɗanda suka rasa rai, kuma waɗanda suka tsira daga cikin masu sana'ar sun rasa abin yi. In irin wannan mutum ya ce maka yau ba a zuwa, alhali ladan ranar yake nema, maganarsa ta fi ta kowa nauyi.

Abin da ke hannunmu yanzu shi ne na gida. Jihar Kebbi da ta iya tara baƙi a bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara tun 1934, tana iya yi wa matuƙan kwale-kwale da maharba na Lolo da Illo rajista, ta koya musu taimakon gaggawa, ta ba su katin shaida, yadda malamin makaranta zai iya kai ɗalibansa yini guda a kan kogi idan hukumomin tsaro da sarakunan yankin suka ce hanya lafiya. Ka'idojin ba su da bambanci da na kwazazzabo: a tashi da wuri, a bar wa wani a gida sunan wurin da lokacin dawowa, kada dare ya riski kowa a kan ruwa. Sai ƙari biyu da kogi ke buƙata, rigar ruwa ga kowane fasinja da ƙin ɗaukar abin da ya fi ƙarfin jirgi. Jirgin da ya nutse kusa da Warra a Mayun 2021 mutum fiye da 150 ya ɗauko, kaɗan ne daga cikinsu aka ceto da rai.