Hasken Rana Da Sojojin Jiki

A cikin jinin ɗan Adam akwai wasu ƙwayoyi farare da ido ba ya iya gani. Likitoci na kiran su sojojin jiki. Idan ƙwayar cuta ta shiga jiki, su ne ke tare ta, su haɗiye ta, su kashe. To, soja ba ya yaƙi sai da makami. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke ba su makami shi ne bitamin D.

Yawancin wannan bitamin fatar mutum ce ke yin sa idan rana ta taɓa ta. Daga nan hanta da ƙoda su gyara shi ya zama mai amfani. A shekarar 2006 masana suka gano cewa idan sojojin jiki suka haɗu da ƙwayar tarin fuka, da wannan bitamin suke haɗa wani dafi mai kashe ta. Idan ya yi ƙaranci, dafin ma sai ya ragu. Tun a 1903 wani likita ɗan ƙasar Denmak, Niels Finsen, ya sami babbar lambar yabo ta Nobel saboda warkar da tibin fata da haske.

Wani zai ce, ai rana ba ta yi mana kaɗan ba. Gaskiya ne, amma ba kowa take samu ba. Manomi da makiyayi ba su da matsala. Abin dubawa su ne matar da ke wuni a ɗaki, da tsoho, da majinyacin da ya daɗe a kwance. Kuma baƙar fata ta fi fara buƙatar daɗewa a rana kafin ta yi bitamin ɗin. Hasken da ya ratso gilashin taga ba ya yin wannan aiki.

Ba sai an fita waje ba. Zama a tsakar gida da hantsi na ɗan lokaci, hannuwa da ƙafafu a buɗe, yana taimakawa. Sai dai kada a shanya jariri ɗan ƙasa da wata 6 a rana. Ana kuma samun bitamin ɗin a kwaiduwar ƙwai, da hanta, da kifi mai maiƙo irin su sardin.

Shi ne kuma ke taimaka wa ƙashi ya yi ƙwari. Yaron da ya rasa shi, ko ya rasa abinci mai gina ƙashi kamar nono da madara, ƙafafunsa kan lanƙwashe.

Kada a sayi ƙwayar bitamin D a kemis a yi ta sha ba da izinin likita ba, domin yawanta na lalata ƙoda. Kuma rana ba ta warkar da tarin fuka. Wanda ya wuce mako 2 yana tari, ya je asibiti a auna majinarsa. A Nijeriya maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati, ana shan sa wata 6.