Masu Ƙera Jiragen Yaƙi a Cikin Kwamfuta

Ranar 22 ga Yulin 2021 jirage 6 ƙirar A-29 Super Tucano suka sauka a Kano, kashin farko na guda 12 da Najeriya ta saya daga Amurka a kan kusan dala miliyan 500. Daga baya aka ba su mazauni a sansanin sojan sama na Kainji. Mutumin Tambuwal ko na Kebbe iyakar rabonsa da irin wannan jirgi shi ne ya ji ruri a sama, ya ɗaga kai, ya hangi ɗigo yana wucewa. Sai dai akwai wani Tucanon da ba a biya ko sisi ba kafin a hau shi. Wasu masu sha'awar jirage, da ɗan Brazil a gaba, wato ƙasar kamfanin Embraer da ya tsara jirgin na gaske, sun zauna sun ƙera shi a cikin kwamfuta, da maɓallansa da allunansa da ƙarar farfelarsa, suka sake shi kyauta ga masu wasan DCS World. Ba kamfani ya ɗauke su aiki ba, ba kuma wanda ya ba su kwangila.

Wannan aiki ba baƙo ba ne ga samarinmu, ko da ba su taɓa ganin simuletar jirgi ba. Duk wanda ya buga ƙwallon PES a waya ya ga 'yan wasan bana sanye da rigunan bana, alhali asalin gem ɗin ya shekara goma, to ya taɓa abin da ake kira mod. Ba kamfanin Konami ne ya sa masa su ba. Wani ne a ɗakinsa ya buɗe fayilolin, ya cire tsoho ya dasa sabo. Bambancin kawai, sauya rigar ɗan ƙwallo aikin yamma ɗaya ne, ƙera jirgin da zai tashi kamar na gaske kuwa yakan ci shekaru.

Dalili shi ne simuletar yaƙin sama ba irin gem ɗin harbe-harben nan ba ce da ake danna maɓalli ɗaya jirgi ya tashi. Kamfanin Eagle Dynamics, wanda aka kafa a Mosko a 1991, shi ke da DCS World. Jirginsa A-10C da ya fito a 2011 ya samo asali ne daga wata manhajar horo da kamfanin ya yi wa wani reshe na sojan saman Amurka, kuma littafin koyon tuƙinsa ya haura shafi 600. Kafin injin ya kama sai ka bi matakai ɗaya bayan ɗaya: batir, mai, injin taimako, sannan manyan injuna, sannan ka jira na'urar gane hanya ta daidaita. Mai gaggawa a nan yake gajiya ya koma ƙwallo. Wanda zai ƙara sabon jirgi a irin wannan duniya dole aikinsa ya kai wannan mizani, in ba haka ba 'yan wasa su yi masa ca.

Ƙofar da ta fi sauƙin shiga ita ce fenti. Ana sauko da zanen fatar jirgin a shimfiɗe, kamar an feɗe shi an baje, a buɗe da manhajar zane irin GIMP wadda kyauta ce, a shafa launin sojan da ake so, a ɗora tambarin kore da fari da kore a fukafukai, a rubuta lambar wutsiya. Sai a rubuta 'yan layuka a wani ƙaramin fayil na harshen Lua da ke gaya wa gem ɗin inda kowane zane zai zauna. Masu gwaninta ba sa barin jirgi fes kamar yau ya fito daga masana'anta. Sukan sa masa dattin hayaƙi a bayan inji, da kojewar fenti inda takalman kanikawa ke takawa. Bayan fenti sai siffar jirgin kanta, wadda ake sassaƙawa da manhaja irin Blender daga zanen injiniyoyi da ɗaruruwan hotuna, har ƙafafun sauka su riƙa naɗewa yadda ya kamata. Sai mazaunin matuƙi, inda kowane maɓalli sai an haɗa shi da aikin da yake yi.

Inda gizo ke saƙar shi ne halin jirgin a cikin iska. Abu 4 ke rigima a kan kowane jirgi: nauyi na ja ƙasa, fukafukai na ɗagawa sama, inji na turawa gaba, iska na turjewa. Babu ɗaya daga cikinsu da ke tsayawa wuri guda. Mai na ƙonewa nauyi na raguwa, tsakiyar nauyin ma na gusawa. An saki bam daga fiffiken dama, sai jirgi ya karkata hagu. An ɗaga hanci fiye da kima, sai iska ta daina bin bayan fiffike, jirgi ya sulluɓo. Mai mod sai ya nemo alƙaluman duk wannan, daga tsoffin rahotannin gwaji na hukumar NASA da wadda ta gada, NACA, ko daga littafin matuƙa in an sake shi ga jama'a, ya mayar da su lissafi a harshen C++ wanda kwamfuta za ta riƙa maimaitawa sau da yawa a kowace daƙiƙa. Ga gwaji mai sauƙi da ɗan Sakkwato zai gane nan take. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, iska kan yi shara-shara, inji ya rage ƙarfi, fiffike ya rage ɗagawa, jirgi ya buƙaci titi mai tsawo kafin ya bar ƙasa. Ka sa wannan zafin a cikin gem ɗin. In jirgin ya tashi daidai inda yake tashi a sanyin Turai, to mai shi fenti kawai ya iya.

Misalin da ake bugun ƙirji da shi a wannan fage shi ne A-4E Skyhawk, ƙaramin jirgin sojan ruwan Amurka na zamanin yaƙin Biyetnam. 'Yan sa-kai daga ƙasashe daban-daban suka yi shekaru a kansa, suka bar rubutun manhajarsa a buɗe ga kowa, kuma a 2021 suka fitar da sabon zubi mai cikakken lissafin tashi. Yana sauka a kan jirgin ruwa, yana shan mai a sama, kuma da yawa daga waɗanda suka saba biyan dala 60 zuwa 80 kan jirgi ɗaya sun yarda bai gaza na kuɗi da nisa ba.

Tarihin da ya fi burge ni dai shi ne na Falcon 4.0. Kamfanin MicroProse ya fitar da shi a Disambar 1998, cike da kurakurai, amma da wata baiwa da har yau ba a cika samun irinta ba: yaƙi ne sukutum ke gudana a zirin Koriya, ko ka tashi ko ba ka tashi ba, kuma gadar da ka rusa yau gobe za ka tarar ta hana tankokin abokan gaba wucewa. Shekara guda bayan fitowarsa aka sallami waɗanda suka rubuta shi. A 2000 asalin rubutun manhajar ya ɓulla a intanet, masu son wasan suka ɗauka suka ci gaba da gyara. An yi ƙungiyoyi, an yi saɓani, an rabu, an sake haɗewa, daga ƙarshe ƙungiyar Benchmark Sims ta riƙe tutar. Falcon BMS na nan da ransa fiye da shekara 25 bayan kamfanin ya yi watsi da shi, kyauta ne, sharaɗin kawai ka mallaki tsohon Falcon 4.0 na halal. Haka aka yi da IL-2 Sturmovik: Cliffs of Dover na 2011, wanda ya fito a gurguje, 'yan sa-kai na Team Fusion suka yi ta ɗinke shi har masu shi suka miƙa musu asalin rubutun, suka sake fitar da shi a 2017.

Wani lokaci sha'awar kan rikiɗe ta zama sana'a. Jirgin horo na Italiya, MB-339, ya fara shiga DCS ne a matsayin mod na kyauta daga wasu Italiyawa masu kwaikwayon wasan jiragen ƙasarsu, a 2022 kuma ya fito a matsayin na sayarwa ƙarƙashin IndiaFoxtEcho. Irin jirgin nan ne Najeriya ta sayi 12 a shekarun 1980. In ka bi jerin jiragen DCS ma, za ka sha mamakin yawan jiragen sojan samanmu da ke ciki. Akwai L-39ZA, wanda aka daɗe ana horar da matuƙa da shi a Kano. Akwai MiG-21, wanda Najeriya ta fara mallaka a 1975. Akwai JF-17 Thunder, wanda wata tawagar 'yan Sin, Deka Ironwork, ta fitar a gem a ƙarshen 2019, tun kafin a ƙaddamar da namu guda 3 a Makurɗi a Mayun 2021. Akwai jirgi mai saukar ungulu Mi-24, ɗan'uwan Mi-35 da aka sani a fagen daga a arewa. Jiragen na nan. Ƙasar da suke shawagi a kanta ce babu: taswirorin DCS sun haɗa da Kaukasus, Nebada, Siriya, Tekun Fasha, Sina'i da Afganistan, amma ba Sahel, ba fadamar Rima, ba ƙurar hunturu.

Aikin yana da iyaka, kuma wasu sun ƙetare ta sun ɗanɗana kuɗarsu. Ƙishirwar sahihan alƙaluma kan kai mutum ga takardun da doka ta hana. A 2019 wata kotu a jihar Utah ta Amurka ta yanke wa wani ma'aikacin Eagle Dynamics ɗan Rasha ɗaurin shekara ɗaya da kwana ɗaya saboda sayen littattafan F-16 da aka hana fitarwa ƙasar waje. Kamfanin ya ce gaban kansa ya yi. A Yulin 2021 wani mai buga gem ɗin War Thunder ya watsa shafuka daga littafin tankar Birtaniya Challenger 2, don kawai ya ci gardama kan cewa ba a zana ta daidai ba, kuma an maimaita irin wannan wauta da takardun jirage daga baya. A gida ma Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 ta hana ɗaukar hoton wuraren tsaro ba da izini ba. Wanda ke son ganin yadda fentin jirgin Alpha Jet yake, hotunan da rundunar sojan sama ke fitarwa da kanta a bukukuwanta sun ishe shi. Ba sai ya je yana leƙen katangar sansani da waya a hannu ba.

Akwai kuma ɓangaren da ya shafi har wanda bai damu da gem ba. Kyawun waɗannan wasanni ya kai ana yanko bidiyonsu a ce yaƙin gaske ne. A Fabrairun 2022 miliyoyi suka kalli wani bidiyo da aka ce matuƙin Yukren ne, wanda aka yi wa laƙabi da Fatalwar Kiyef, yana kakkaɓo jirgin Rasha. Da DCS aka haɗa shi. A 2017 ma'aikatar tsaron Rasha da kanta ta wallafa hoto daga wani gem na waya a matsayin hujja. Kamfanin Bohemia Interactive, mai Arma 3, sai da ya fito a 2022 yana koya wa jama'a yadda za su gane bidiyon wasansa. Yankinmu ba ya nesa da wannan. Tun daren 25 ga Disambar 2025, da tarkacen makaman da Amurka ta harba suka faɗo a Jabo ta ƙaramar hukumar Tambuwal, kowa ya san maganar sama ba labarin nesa ba ce, kuma a irin waɗannan ranaku ne wayoyi ke cika da bidiyon da ba a san asalinsu ba. Alamomin ba su da wuyar kamawa. Hoton kan zo dishi-dishi da gangan, yawanci da dare, don duhu ya rufe aibi. Kyamara kan bi makami tun daga fitarsa har faɗawarsa, abin da mai waya a ƙasa ba zai iya ba. Hayaƙin kowace fashewa iri ɗaya ne sak. Ƙarar fashewa kan iso tare da walƙiyarta ko da abin na nesa, alhali sauti a iska mita 340 kacal yake ci a daƙiƙa. Ba ka jin salati, ba kukan yara, ba akuya mai gudu. Wanda ya taɓa buɗe fayilolin gem da hannunsa ba a cika yi masa wannan dabara ba.

Saura batun kayan aiki, kuma ba zan ɓoye ba, DCS ba na kowa ba ne. Shigarsa kyauta ce, har da jirage 2, Su-25T da TF-51D, amma yana cin fiye da gigabait 100, yana son kwamfuta mai ƙarfi da sandar tuƙi da wutar da ba ta yankewa. Ɗalibin da ke cajin laftof a shagon sola a Dogon Daji ko Kuchi zai ƙarar da datar wata kafin ya sauko da rabinsa. Falcon BMS ya fi sauƙi. FlightGear, wanda 'yan sa-kai ke ginawa tun 1997, ya fi su duka dacewa da mai ƙaramin ƙarfi: kyauta ne gaba ɗaya, fayilolin jiragensa rubutu ne da za ka buɗe ka karanta ka sauya, akwai jiragen yaƙi irin F-14 da F-16 a ciki, kuma taswirarsa ta game duniya, har da filin jirgin Sultan Abubakar III na Sakkwato. Hanyoyi da gine-ginen da ake gani daga sama a cikinsa kuwa daga OpenStreetMap ake ɗebo da yawansu, taswirar da kowa ke da izinin gyarawa, ko da waya ce. In ka tashi daga Sakkwato ka bi titin Jega ka tarar da garinku fili fetal, to babu wanda ya zana shi tukuna, kuma rajistar masu zanawa ba ta cin ko kwabo.