Za a Iya Juya Maganaɗisu Ba Tare da Batir Ya Ƙare Ba?



Duk wanda ya taɓa yin gwajin ƙusa a darasin kimiyya zai tuna yadda abin yake. Ana naɗa siririyar wayar jan ƙarfe a jikin ƙusa, a haɗa bakinta biyu da batirin tocila. Nan take sai ƙusar ta fara ɗaukar allura kamar maganaɗisu. Amma kafin a jima wayar ta yi zafi, batir kuma ya yi sanyi. Wannan zafin asara ne, domin ƙarfin batir ne ke zubewa a banza. Masana sun daɗe suna neman yadda za a sarrafa maganaɗisu ba tare da wannan asarar ba.

Ina maganaɗisu yake samun ƙarfinsa?

Kowane abu an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi da ake kira atom. A cikin atom akwai waɗanda suka fi shi ƙanƙanta, sunansu ilektron. Wani masani a Ingila, J. J. Thomson, ya gano su a 1897. A 1925 kuma wasu matasa biyu a ƙasar Holan, Uhlenbeck da Goudsmit, suka bayyana cewa ilektron yana da wata ɗabi'a mai kama da juyin katantanwa. Ba wai yana juyawa ne sak irin na katantanwar da muke wasa da ita ba, kwatance ne kawai. Abin riƙewa shi ne wannan juyin yana mai da kowane ilektron ɗan mitsitsin maganaɗisu, wanda zai iya fuskantar sama ko ƙasa.

A cikin ƙusa, waɗannan ƙananan maganaɗisun sun kasu rukuni-rukuni, kowane rukuni da inda ya fuskanta, kamar ɗalibai a lokacin tara. Idan suka fuskanci wuri guda kamar a layin taron safe, sai ƙarfinsu ya haɗu, ƙusa ta zama maganaɗisu.

Me ya haɗa wannan da kwamfuta?

Kwamfuta ba ta san komai ba sai 0 da 1. A faifan ajiya na tsofaffin kwamfutoci, idan ɗan wuri ya fuskanci nan, 0 ke nan, idan ya fuskanci can, 1 ke nan. Albert Fert na Faransa da Peter Grünberg na Jamus sun gano wata hanya a 1988 da ta sa ake iya karanta irin waɗannan ƙananan wuraren sosai, har aka ba su kyautar Nobel a 2007.

Amfanin ajiyar maganaɗisu shi ne ba ta mantuwa ko an ɗauke wuta. Matsalarta kuwa ita ce rubutu. Tun 1820, da Oersted na ƙasar Denmak ya ga allurar kamfas ta karkata kusa da wayar da lantarki ke bi, hanyar da aka fi sani ta juya maganaɗisu ita ce a tura lantarki ya kwarara. Duk inda lantarki ya kwarara a waya kuwa, sai an samu zafi.

Ɗaya hanyar

Ku goga biro a gashinku, musamman da hunturu, ku kai shi kusa da 'yan gutsattsarin takarda. Za ku ga sun yi tsalle tun biron bai taɓa su ba. Babu lantarkin da ke gudu tsakaninsu, amma akwai ƙarfi a kewayen biron. Shi masana ke kira filin lantarki.

Ga bambancin. Kwararar lantarki kamar monitoci ne su bi layi suna juya ɗalibai ɗaya bayan ɗaya, suna gumi. Filin lantarki kuwa kamar shugaban makaranta ne ya tsaya a gaba ya ɗaga hannu, kowa ya juya, ba wanda ya yi gudu.

Sai dai juyin ilektron ba ya jin yaren filin lantarki kai tsaye, sai da tafinta. Tafintan shi ne wasu sinadarai na musamman. Idan filin lantarki ya shige su, atom ɗinsu kan ɗan gusa kaɗan, gusawar nan kuma ita ke karkata maganaɗisun da ke cikinsu.

Tun 1894 Pierre Curie na Faransa ya yi hasashen za a samu irin waɗannan sinadarai. Sai a 1960 wani masani a Tarayyar Sobiyet, Astrov, ya ga abin a zahiri. A 2000 Hideo Ohno da abokan aikinsa a Jami'ar Tohoku ta Japan suka kunna maganaɗisu kuma suka kashe shi da filin lantarki, amma a cikin sanyin da ya kai kusan digiri 250 ƙasa da sifili. Wa zai riƙe wayar salula mai irin wannan sanyi? A 2014 masana a Amurka suka juya maganaɗisu da filin lantarki a yanayin ɗaki, da taimakon wani sinadari da ya ƙunshi bismat da ƙarfe da oksijin. A 2018 kamfanin Intel tare da masanan Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley suka fitar da tsarin wata ƙaramar na'ura da aka ɗora kan wannan tunani.

Ina ruwanmu?

Da yawanmu mun san aiken kai wayar Baba ko ta Inna wurin mai caji, a biya kuɗi, gobe ma a koma. Wayar tana cin batir ne saboda lantarki na ta kai da kawowa a cikinta. Idan aka samu ajiyar da ba ta mantuwa, kuma ba ta bukatar kwarara mai yawa wajen rubutu, caji zai fi daɗewa, ƙaramar sola ma za ta ishi na'urori da dama.

Har yanzu dai yawancin aikin yana ɗakunan gwaji. Dole sinadarin ya zama siriri ƙwarai, ya juyu da sauri, ya kuma jure juyi sau da yawa bai lalace ba. Sannu ba ta hana zuwa. Daga hasashen Curie zuwa gwajin 2014 ma shekara 120 ce.

Ku gwada na biro da takarda a gida, amma kada kowa ya taɓa soket da sunan gwaji. Mai tambaya ya rubuto wa kulob, za mu kai wa malamin kimiyya. Sai fitowa ta gaba.

Daga wakiliyar aji biyu, ƙaramar sakandare